Birkin Baya Yana Cinyewa Gefe Guda, Zumunci Yana Neman Ɓaci

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Gombe. Bara na sayi akori-kura ta hannu wadda aka shigo da ita daga Amurka, kuma kusan sulusin kuɗin na yayata ne, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da marayu. Na ɗora babban ɗanta a kan motar, yana ɗauko mana masara da wake da shinkafa daga wajen Kumo da Dadin Kowa da Dukku, wani lokaci har Tula, yana kawowa Tudun Hatsi. A cikin wata 8 sau 3 ana canza fad ɗin birkin baya, wato abin da ke matse faifan cikin taya don mota ta tsaya, alhali na gaba tun da aka sa shi ba a sake taɓa shi ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ba daidai yake cinyewa ba. A tayar dama, fad ɗin da ke ta ciki yakan siɗe har ƙarfe ya fito, na waje yana da saura, na tayar hagu kuwa da sauransu sosai. Makaniken da ke mini gyara shekara 12 muna tare, shi ne ma ya raka ni sayen motar. Ya ce laifin yaron ne, wai yana ɗora ƙafa a kan birki, yana manta birkin hannu, kuma mai yiwuwa yana yin lodin da ban sani ba. Yaron ya rantse ba haka ba ne, ya ce makaniken ne yake sa fad mai araha yana karɓar kuɗin mai kyau. Makon jiya na yi wa yaron faɗa a bakin shago a gaban mutane. Tun daga ranar ba ya haɗa ido da ni, mahaifiyarsa kuma ta daina kirana. Yanzu motar ta sake soma ƙara, ga kaka ta zo. Ina tunanin karɓe makullin in ba wani direba, amma zuciyata ba ta natsu ba. Me zan yi?

Daga wani ɗan kasuwa, Gombe.

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya ƙara rufa asiri, ya saka maka da alheri a kan riƙon marayun nan. Kafin mu shiga maganar mai laifi, ina roƙonka abu guda: kada motar nan ta sake ɗaukar kaya, ko da buhu 5 ne, har sai an kwance tayar baya ta dama an ga abin da ke ciki. Na san kaka ce, kuma duk ranar kasuwar da ta wuce mota tana ajiye asara ce gare ka da yayarka. Amma ƙarar da ka ce ta soma yi tana nufin ɗayan biyu, ko dai ɗan ƙarfen gargaɗi da ake maƙala wa fad ne ya fara taɓa faifai, ko kuwa naman fad ɗin ya ƙare ƙarfe yana gugar ƙarfe. Birkin da ya riƙe faifai ba ya saki yana tara zafi, zafin kuma yana bi ta fistin, wato ƙarfen da ke tura fad, ya isa ga man birki. Man birkin da ake kira DOT 3, idan sabo ne, ba ya tafasa sai ya kai wajen digiri 205, amma idan ya tsufa ya sha danshi yana iya tafasa a wajen digiri 140, kuma da zarar ya tafasa, direba zai taka birki ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba ta kama komai ba. Ba na so hakan ta faru da yaron nan yana gangarowa daga kan dutsen Tula da lodi a baya.

Na fahimci abin da ke cin ranka. Kana tsakanin mutumin da ka yarda da shi shekara 12 da ɗan da yake jininka, kowannensu yana nuna ɗan'uwansa da yatsa, kuɗin da ke zurarewa kuma akwai haƙƙin marayu a ciki. Duk wanda ya sami kansa a nan zai so ya yanke hukunci da sauri don ya huta. Rashin natsuwar da kake ji ita ce ta cece ka, domin a wasiƙarka akwai shaidar da ba ka saurara ba tukuna, wato su tsofaffin fad ɗin da ake cirewa. Yadda fad ya cinye yana nuna abin da ya cinye shi, kuma bayanin da ka yi mini a kan tayar dama ya fi maganar makaniken da rantsuwar yaron nauyi a wurina.

Bari in kwatanta maka yadda wurin yake, don ka iya tsayawa a gareji ka gane abin da ake nuna maka. A cikin taya akwai faifan ƙarfe da ke juyawa tare da ita. Akwai wani ƙarfe mai kama da muƙamuƙi da ya rungumi faifan, makanikai suna kiransa kalifa, a cikinsa kuma fad biyu ne, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje. A yawancin motoci irin taka, kalifar baya fistin ɗaya gare ta, kuma yana ɓangaren ciki. Idan direba ya taka birki, mai yana tura fistin, fistin ya manna fad ɗin ciki a jikin faifai, sannan ita kalifar gaba ɗayanta ta zame a kan wasu ƙusoshi biyu masu santsi da ake kira fin, ta jawo fad ɗin waje shi ma ya manne. Da an ɗaga ƙafa, wata robar zobe da ke kewaye da fistin takan ja shi baya ɗan kaɗan, kalifa ta saki, faifai ya ci gaba da juyawa ba tare da guga ba. Dukkan wannan motsi bai wuce kaurin ƴan takardu ba, shi ya sa ɗan tsatsa ko busasshen taɓo ya isa ya hana shi.

To, yanzu ka auna zargin da aka yi wa yaron da wannan. Ƙafar direba feda ɗaya take takawa, man da ke fita daga can kuma yana zuwa hagu da dama da ƙarfi iri ɗaya. Direban da ke ɗora ƙafa a kan birki yana cinye fad na tayoyi huɗu ne, kuma na gaba ne ke fara ƙarewa, domin idan mota ta ci birki nauyinta gaba yake komawa, birkin gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aikin. Kai kuwa ka ce na gaba ba a sake taɓa shi ba. Babu yadda ƙafar mutum za ta tsallake tayoyin gaba, ta tsallake ta hagu, ta tsallake fad ɗin waje, ta je ta zaɓi na ciki a tayar dama kaɗai, har sau 3 a jere. Wannan irin cinyewa ta abin da ya maƙale ce a wurin. Ko dai fin ɗin sun bushe sun kama, kalifa ba ta zamewa, fad ɗin ciki ne kaɗai ke aikin biyu, ko fistin ya yi tsatsa ba ya komawa baya, ko kuwa tiyon robar da ke kai mai tayar ya ruɓe ta ciki, yana barin mai ya shiga amma ba ya barinsa ya dawo, sai birkin ya zauna a matse bayan an saki feda. Daga waje tiyon nan yakan yi kyau kamar sabo, shi ya sa ake yawan tsallake shi.

Maganar birkin hannu ma tana da hanyar tantancewa. A motoci da yawa masu faifai a baya, birkin hannu ba ya amfani da fad ɗin nan ko kaɗan. Yana da nasa ƙananan takalma a ɓoye cikin tsakiyar faifan, kamar ƙaramar ganga. Idan irin wannan ce motarka, da yaron yana mantawa da birkin hannu, waɗancan takalman ne za su ƙone, fad kuwa babu ruwansa. Idan kuma irin wadda wayar birkin hannu ke matse kalifar kai tsaye ce, mantuwa za ta cinye hagu da dama tare, cinyewar gefe guda kuma sai ta nuna wayar ɓangaren dama ce ta maƙale. Kowanne ne daga ciki, da an cire faifan za a gani da ido.

Na daɗe ina ganin wannan matsala, kuma akwai ranar da ba na mantawa. An kawo wata akori-kura gareji, mai ita yana ta faɗa cewa an sayar masa da fad na jabu karo na biyu. Da aka kwance kalifar, fin ɗin sama ya fito da aka ɗan jawo shi, na ƙasa kuwa sai da aka sa masa man sassauta tsatsa aka yi ta murɗawa da filaya kafin ya motsa. Da ya fito, ja ne wur kamar an tono shi daga ƙasa, babu ɗigon giris a jikinsa, ƴar rigar robar da ke kare shi kuma ta tsage, ramin cike da busasshen taɓo da ya daskare kamar yumɓu. Fad ɗin ciki ya siɗe a karkace, gefe ɗaya ƙarfe, ɗaya gefen da ɗan saura. Mai motar ya riƙe fin ɗin a tafin hannunsa ya yi shiru. Ba fad ɗin ne ke da laifi ba, kuma da an sa masa mafi tsada a kasuwa, haka zai ƙare.

Hanyoyin da motarka ke bi suna ƙarfafa mini wannan zato. Yawancin akori-kurar da muka saba da su a nan, irin tsofaffin Hilux, birkin ganga ne a bayansu, wanda yake a rufe, taɓo da yashi ba sa samun shiga da sauƙi. Birkin faifai a buɗe yake, kuma na baya shi ne ke karɓar duk abin da tayoyin gaba suka watso. Motar da ta yi damina tana shiga ƙauyukan Dukku da fadamun Dadin Kowa, tana ratsa kwari da ruwa a ciki, ta fito ta tsaya a rana, kalifarta ta sha ruwa da laka ba adadi. Tayar dama kuma ita ce ke bin gefen titi, inda ruwa ke kwanciya da yashi ke taruwa, kuma ita ke sauka kan ƙasa duk lokacin da aka kauce wa babbar mota. Ba abin mamaki ba ne ta riga ta hagu lalacewa.

Wannan bai wanke kowa tas ba, kuma ba zan ɓoye maka ba. Abin da ya maƙale yana bayyana dalilin da ya sa dama ta fi hagu cinyewa, amma idan aka auna aka ga na hagu ma yana ƙarewa da wuri fiye da na gaba, to akwai maganar lodi. Mota tana ƙara wa birkin baya ƙarfi idan bayanta ya yi nauyi. A tsofaffin motoci wani bawul ne da aka haɗa da ƙarfen da ke riƙe tayoyin baya biyu yake yin haka gwargwadon yadda sifirin ya lotsa, a sababbi kuma kwamfutar birki ce ke rabawa. Wasu motocin ma suna da na'urar hana taya sulɓi, wadda idan tayar baya ta soma juyawa a banza cikin taɓo ko yashi, sai ta kama ta da birki da kanta, direba bai taka komai ba. Ka buɗe ƙofar direba ka dubi takardar da ke manne a jikin ginshiƙin, a nan aka rubuta nauyin da aka ƙayyade wa motar. Akori-kurar Amurka tana da girman jiki, amma da yawa daga cikinsu abin da aka yarje musu bai kai tan 1 ba, kuma a cikinsa har da direba da yaran mota. Buhun masara mai kilo 100 guda 10 ya riga ya cika tan. Malam, ka tambayi kanka tsakaninka da Allah buhu nawa kake cewa a ɗauko a sahu ɗaya ranar kasuwar Kumo. Idan 15 ne ko 18, to lodin da ke cin birki ba sai an nemo wanda yaron yake yi a ɓoye ba.

Shi kuma makaniken, ba na ganin dalilin da za a kira shi macuci. Mutumin da ya raka ka sayen mota kuma ya riƙe ka shekara 12 ba ya sayar da wannan a kan ribar fad. Abin da na fi zato shi ne abin da ke faruwa a gareji da yawa: mota ta zo da ƙara, mai ita yana sauri, aka ce wa yaron gareji ya canza fad, ya tura fistin baya da ƙarfin ƙarfe, ya zura sabo, ya ɗaure taya, ba wanda ya zaro fin ya duba. Fistin da ya yi tauri yakan koma idan an matsa masa, sai a ɗauka lafiyarsa ƙalau. Kuskurensa na gaskiya shi ne da ya ga fad ɗaya ya siɗe uku suna da nama, a karo na biyu ma, bai tsaya ya tambayi dalili ba, sai ya ɗora wa wanda ba ya wurin. Wannan kuskure ne babba, kuma ya jawo ɓacin rai a gidanku, amma gyaruwa yake yi. Zargin da yaron ya yi masa na sa fad mai araha shi ma ba shi da hujja a cinyewar gefe guda, domin fad marar kyau hagu da dama yake ƙarewa tare. Ina ganin yaron ya faɗi haka ne saboda an matse shi, ya rasa abin kare kansa.

Yaron ma yana da nasa. Birkin da ya riƙe ba ya ɓuya ga wanda ke tuƙi kullum. Mota takan yi nauyi wajen tashi, ta ƙara shan mai, wani lokaci ta ɗan ja gefe, kuma idan aka tsaya akan ji ƙauri daga tayar, rim ɗin ya yi zafin da ba a iya kusantar da hannu. Ko dai bai san ma'anar waɗannan alamu ba, ko ya gani ya ji tsoron faɗa maka don kada a ce shi ya ɓata. Duka biyun suna nuna yana buƙatar a koya masa ne, a kuma ba shi fuskar da zai iya kawo maka labarin matsala tun tana ƙarama.

Ga abin da nake ba ka shawara ka yi. Ka sami makaniken kai kaɗai, ba a gaban yaransa ba, ka ce masa abin ya dame ka, kana so ku ware rabin yini a buɗe bayan motar gaba ɗaya kana tsaye, kuma za ka biya kuɗin aikin daban. Kada ka ce masa wani ya ce ya yi kuskure. Ka zo da yaron ranar. Kafin a kwance komai, a zagaya da motar babu kaya na kamar minti 10, a dawo a kusantar da bayan hannu ga rim na hagu da na dama ba tare da an taɓa faifai ba, domin yana ƙuna. Sannan a ɗaga bayan motar a kan jak, a sa mata abin tokare mai ƙarfi, a danne tayoyin gaba da dutse ko katako, a cire giya, a taka birki da ƙarfi a saki, a juya kowace taya da hannu. Idan ta dama ta yi tauri, a ɗan sassauta notin fitar da iska da ke jikin kalifar. In mai ya tsarto tayar ta saki nan take, matsalar tana ga tiyo ko hanyar mai. In ta ci gaba da riƙewa, tana ga fistin ko fin. Wannan gwaji ba ya cin kuɗi, kuma yana hana a sayi abin da ba shi ne ya lalace ba.

Bayan haka a zaro fin duka huɗu, na hagu da na dama. Lafiyayyen fin da yatsu biyu ake tura shi ya shiga ya fito. Wanda ya yi tsatsa sama-sama a goge shi, wanda ya rarake ko ya lanƙwashe a canza, duk rigar robar da ta tsage kuma a sa sabuwa, domin in ba ita, damina mai zuwa za a koma gidan jiya. A nan ina so ka sa ido sosai a kan giris. Giris ɗin da ake sa wa boris yana kumbura roba, sai fin ya sake kamawa bayan ƴan makonni. Na birki daban yake, mai silikon, ana samunsa a wurin masu sayar da kayan gyara, kuma ɗan kaɗan ake shafawa, ba a bari ya taɓa fuskar fad ko faifai. A kankare tsatsar da ke inda kunnuwan fad suke zama, har sai fad ya riƙa zamewa da hannu ba sai an buga shi da guduma ba. A ɗaga robar da ke bakin fistin a leƙa. Idan jikinsa ya yi ramuka na tsatsa, gogewa ba ta warkar da shi, sai a canza fistin da robobinsa ko kalifar dungurungum. Faifan dama da ya sha gugar ƙarfe sau 3 da wuya ya rage da santsi, kuma faifai mai kurji kamar magogi yake ga sabon fad. A jikinsa an buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda ya kai. A auna, in yana da saura a wanke fuskarsa a inji, in ya gaza a canza, kuma ya fi kyau a canza na ɓangarorin biyu tare. Fad ma hagu da dama ake sawa a lokaci guda, daga kwali ɗaya. Man birki kuwa, idan ba ka san ranar da aka canza shi ba tun shigowar motar ƙasar nan, a zubar da shi a sa sabo irin wanda aka rubuta a kan murfin tulunsa, daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba. Wajen shekara 2 ake so ya yi a canza shi. Idan an gama, kada motar ta motsa sai an taka feda sau da yawa ta yi tauri.

Idan kuɗin yin wannan duka bai samu a yanzu ba, abin da ba a jinkirta shi shi ne sakin birkin da ya riƙe, da fad, da tiyo idan shi ne, da man birki. A cikin kwanakin da motar ke ajiye, ka ɗauki hayar wata ta kwaso maka kayan da ka riga ka saya, ka lissafa shi cikin kuɗin gyara. Sayen fad kuma daga yau ka riƙa zuwa da kanka ko ka tura yaron tare da makaniken, a kawo maka kwalin da tsofaffin da aka cire. Wannan ba rashin yarda ba ne, kuma makanike mai gaskiya ya fi kowa son haka, domin yana cire shi daga bakin mutane. Kada ka nemi mafi araha, domin araha ba ta ado, a birki kuwa tana iya cin rai. Idan makaniken ya ƙi yarda a buɗe a gabanka, ko ya dage cewa babu abin dubawa, kada ka yi rigima da shi. Ka kai motar wurin wanda ya ƙware a birki ya duba wannan kaɗai, ka ci gaba da kai wa tsohon abokinka sauran ayyuka, ka kuma gaya masa abin da aka gano cikin mutunci.

Maganar makulli kuma, ina roƙonka ka bar shi a hannun yaron. Idan an buɗe an ga fin ya kama ko tiyo ya toshe, kamar yadda nake kyautata zato, to ka yi masa faɗa a bainar jama'a a kan abin da bai aikata ba, kuma gyaran wannan a bainar jama'a ya kamata ya kasance. Ba sai ka tara mutane ba. A bakin shagon nan, lokacin da waɗanda suka ji faɗan suke zaune, ka ce an buɗe motar an ga ƙarfe ne ya maƙale, ba laifin yaron ba ne. Kawu ba ya raguwa da wannan, kuma yaron da ya rasa uba yana jin kalmar kawunsa fiye da yadda kake tsammani. Idan kuwa an buɗe an ga komai lafiya, ko kuma ka sami tabbacin yana yin lodi a ɓoye, to ko a nan ma akwai matakai kafin sallama. Ka zaunar da shi a gida, ka ji dalilinsa, domin sau da yawa direban da ke satar sahu abin da ake ba shi ne bai isa ba. Ku ƙayyade yawan buhu a sahu ɗaya, ku riƙa rubuta lambar kilomita safe da yamma a littafi, ka yanka masa wani abu a kan kowane sahu, ka ba shi wata 3 ka gani.

Yayarka kada ka jira sai an gama gyara kafin ka je wurinta. Ka je yau ko gobe bayan magariba, da ƙafarka, kada ka yi ta waya. Tana da haƙƙi biyu a wannan magana, na uwa da na mai hannun jari, kuma shirun da ta yi ina jin na tsoro ne, tana ganin abincin ɗanta da kuɗin marayunta suna neman tafiya tare. Ka gaya mata ka yi fushi ka yi magana a inda bai dace ba, ka gaya mata an ajiye motar don lafiyar ɗanta, ka nuna mata abin da aka kashe a kan birki a wata 8 ɗin nan da abin da ake sa ran kashewa yanzu. Mace da ta zuba sulusin kuɗin mota ta cancanci ta san lissafinta ko da ba ta tambaya ba.

Bayan gyara, kwana biyun farko a yi tafiya da kaya marar nauyi, ana taka birki a hankali, don sabon fad ya zauna a kan faifai. Ka sa makaniken, ko wani tsohon direba da yaron ke jin nauyinsa, ya koya masa saukowa gangare da ƙaramar giya maimakon riƙe birki tun daga sama har ƙasa, da taka birki sama-sama bayan an fito daga ruwa don ya bushe, da wanke cikin tayoyin baya duk ranar da aka sha taɓo. Ka ce masa duk inda ya tsaya sauke kaya ya zagaya ya ji zafin rim huɗun, in ɗaya ya fi saura ya kira ka a take, kuma ka yi masa alkawarin ba za ka yi faɗa ba. Ranar da aka sa sabon fad a auna kaurin kowanne a rubuta. Sabo yakan kai wajen milimita 10, kuma idan ya sauko 3 lokacin canji ya yi. Bayan mako 4 a sake cire tayoyin baya a auna guda huɗun, yaron ne zai riƙe littafin ya rubuta da hannunsa. Ka aiko mini da lambobin nan guda huɗu, da abin da aka tarar a jikin fin ɗin dama, in gaya maka ko akwai sauran abin dubawa. Ka gaishe mini da yayarka, Allah ya raya marayun, ya tsare hanya.